Ƙarƙashin Birnin Walwala

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya ɗaga sama, Ya halicci dariya Ya halicci hawaye, Ya kuma hukunta su fito daga fuska ɗaya. Ku matso kusa, ya ku ma'abota sauraro, ku ji abin da ya sami Shekarau ɗan Nomau, magini, mutumin Kurmin Rana a ƙasar Zandara. Ni ne shi, kuma abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji shi ba.

Na tashi tare da wani mai suna Jatau. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana cikin tsumma, sai tawa ta ɗauke shi ta shayar da mu tare. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, akushi ɗaya muke sa hannu. Da muka girma na kama gini, shi kuwa ya kama fatauci. Jatau mutum ne mai fara'a da daɗin baki, sai dai bai iya cin abu ya ƙoshi da shi ba. In ya sayi doki sai ya ce, "Ai tsufa zai yi." In ana biki ana kiɗa, sai ka ga ya yi tagumi yana tunanin ranar da za a watse.

Ni kuwa na auri Tasalla, muka yi zaman da ko ƙasa nake kwaɓawa sai in tsinci kaina ina waƙa. Ana nan ta sami ciki, ranar haihuwa ta zo, ba ta tashi ba, jaririn ma ya bi ta. Na ajiye aiki. Kullum ina zaune a ƙofar gida ina kallon hanya, ba kuma wanda nake jira.

Wata rana da hantsi Jatau ya dawo daga fatauci, ya zauna kusa da ni. Can ya ce, "Ɗan'uwa, wannan duniyar tamu ba ta iya riƙo ba. Ta ba ka da dama, ta karɓe da hagu. Amma na ji labarin wani birni can bayan duwatsun gabas, sunansa Birnin Walwala. Ba a taɓa jin kuka a cikinsa ba. Wanda ya shiga, farin cikinsa ba ya yankewa har mutuwarsa."

Na ce, "Ni me ya rage mini da zan yi wa farin ciki?"

Ya ce, "Shi ya sa nake so ka zo. Ba zan iya barinka a nan kana mutuwa a zaune ba. Wallahi in ba ka tafi ba, ni ma ba ni zuwa."

Na dube shi na ga idanunsa sun ciko. Na tashi na ɗaure kayana.

Muka yi ta tafiya, gari ya ba mu gari, har harsunan mutane suka sauya muka koma magana da hannu. Farkon abin da ya tare mu shi ne Kogin Amsawa. Ruwansa garau yake har kana ganin tsakuwar ƙasa, amma cike yake da kadoji masu kwaikwayon muryar matattu. Mai fito ya gargaɗe mu cewa duk abin da muka ji kada mu amsa. Muna tsakiyar ruwa sai na ji an ce, "Maigida, ka zo ka karɓi yaron nan, hannuna ya gaji." Muryar Tasalla ce, har da ɗan dusashewar da take yi in ta tashi daga barci. Ban san lokacin da na zura ƙafa cikin ruwa ba. Jatau ya yi tsalle ya cafko ni, wani kada ya kawo cafka ya yage masa dantse, duk da haka bai sake ni ba. Ya warware rawaninsa ya ɗaure ni a jikin kwalekwale, jini na zuba, yana cewa, "Ba inda za ka! Ba zan rasa ka a nan ba!" Na yi kuka na ce a raina, wanda Allah Ya ba ɗan'uwa irin wannan bai yi asarar komai ba.

Daga nan muka faɗa hannun Mutanen Tsauni, masu kiwon ƙudan zuma da girman kowanne ya kai kurciya. Al'adarsu, in sun kama baƙo sai su tura shi ya ɗebo musu saƙar zuma a bakin kogo, domin harbi ɗaya yana kashe ƙato. Suka kulle mu a wani ɗaki suna jiran ranar ɗiba. Na lura ƙasar ɗakin jar laka ce mai danƙo, irin wadda maginin kirki ke nema. Muka daina shan ruwan da ake ba mu sai kaɗan, muka tara sauran. Da ranar ta zo na kwaɓa lakar, na yaɓe Jatau tun daga kai har ƙafa kamar ina yaɓen rumbu, shi ma ya yaɓe ni, muka bar hancina da nasa da idanu. Masu tsaronmu suka yi ta dariya, sun zaci tsafin garinmu ne. Da muka hau bakin kogo, maimakon mu ɗebi zuma, sai muka sa ƙafa muka ture babbar saƙar ta faɗo tsakiyarsu. Ƙudan suka taso kamar hadari. Gari ya rikice, mu kuwa muka ratsa ta cikinsu muna jin harbi na sauka a kan laka kamar ƙanƙara a kan ɗaki. Da muka kai rafi muka wanke jiki, Jatau ya rungume ni ya ce, "In na manta da wannan rana, Allah Ya manta da ni."

Bayan duwatsun sai hamada, ba ciyawa ba tsuntsu. A tsakiyarta muka hango birnin. Ganuwarsa fara tas, itatuwan rumman da na lemo sun leƙo ta samanta, iska tana kawo ƙanshin fure da sautin kiɗa da dariyar mutane. Rabona da in ji zuciyata ta yi sauƙi haka tun Tasalla na da rai.

A bakin ƙofa akwai wani dattijo mai farin gemu, shi ne Sarkin Ƙofa, da dakaru a bayansa, kowa na murmushi. Ya ce, "Maraba da baƙi. A cikinku wa ya kawo wani?"

Kafin in buɗe baki Jatau ya ce, "Ni na kawo shi."

Dattijon ya juyo gare ni. "Da son ranka ka biyo shi, ko tilasta ka ya yi?"

Na yi dariya na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan'uwana ne. Nono ɗaya muka sha. Ko wuta ya shiga bin sa zan yi."

Ya ce, "Madalla. Sharaɗi ya cika."

Aka buɗe ƙofa biyu. Aka ce Jatau ya bi ta dama, ni ta hagu, wai za mu wanke ƙurar hanya. Na ce, "Jatau, sai mun haɗu a ciki!" Bai waiwayo ba. Na ɗauka ɗoki ne.

Ƙofar hagu matakala ce mai gangarawa ƙasa. Ina sauka haske na raguwa, kiɗa na nisa, har aka rufe ƙofar ƙarfe a bayana. Da idona ya saba da duhu sai na ga wani makeken kogo, da kogi yana gudana a ƙarƙashinsa, da mutane ba iyaka, maza da mata, suna jan igiyoyi, gugunan fata suna hawa sama cike da ruwa suna dawowa wayam. Ashe duk korayen lambunan nan da tafkunan da ke sama, da ƙarfin waɗannan ake shayar da su.

Aka miƙa mini igiya kusa da wata tsohuwa da ake kira Iya Lantana. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, wa ya kawo ka?"

Na ce, "Iya, kuskure aka yi. Ɗan'uwana yana sama, yanzu zai zo nemana."

Ta ci gaba da jan igiyarta. Ta ce, "Dokar birnin nan, ba mai shiga sai ya kawo wanda zai ja masa ruwa. Kuma ba sa karɓar bawa ko kamamme, don irin waɗannan tawaye suke yi. Sai wanda ya biyo ka da ƙafarsa saboda ƙauna. Shi ne ke ja ba gardama, yana jira a zo a ɗauke shi."

Na ce, "Ƙarya ne! Jatau ya ba kada hannunsa saboda ni!"

Ta ce, "Bafatake ma yana shiga ruwa ya ceto hajarsa."

Na yini ina zaginta a zuci. Duk sanda ƙofar ƙarfe ta motsa sai in ɗaga kai. Tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa, Jatau bai zo ba. Abin mamaki, ita kanta Iya Lantana da ta buɗe mini ido, nata idon a rufe yake. Ɗanta na cikinta ne ya kawo ta, Bagudu mai gurmi. Duk wanda aka tura aiki sama, in ya dawo sai ta tare shi: "Ka ga Bagudu? Mai wushirya, da tabo a gira. Ya yi ƙiba? Yana cin abinci kuwa? Yaron nan ba ya son yaji."

Da aka gane ni magini ne, sai aka sa ni cikin masu hawa sama gyaran magudanan ruwa. Kafin mu fita akan ɗaura wa kowannenmu ƙwarya a fuska, an huda mata idanu an zana mata baki mai dariya, don kada mutanen birni su ga ɓacin rai. A nan na gane doka ta biyu: duk ɗan birnin da aka gani yana hawaye, a ranar ake gangarawa da shi ƙasa.

Ina durƙushe ina kwashe laka a bakin wani tafki kusa da kasuwa, sai na ji wata dariya da na sani tun ina yaro. Jatau ne, cikin riga mai aiki, ya yi ƙiba har wuyansa ya ninku, yana cin inabi. Na bari abokansa suka yi gaba, na ce a hankali, "Jatau."

Ya tsaya cak. Murmushin bai bar fuskarsa ba. Ya ce, "Shekarau. Kana nan lafiya?"

Na ce, "Ka sani tun daga gida?"

Ya ce, "Na sani."

"Ranar da ka zauna kusa da ni a ƙofar gida, idanunka suka ciko?"

"Ai tausayinka na ji da gaske. Ka saurara, ɗan'uwa. Na duba duk Kurmin Rana, ban ga wanda zai bi ni ba tambaya ba sai kai. Kuma ka tuna yadda na same ka. Kana zaune kamar gawa. Baƙin ciki kake a can, baƙin ciki kake a nan, me ka rasa? Ni kuwa dubi abin da na samu. Da mu biyu mu lalace, ba gara ɗaya ya tsira ba?"

Na ce, "Nonon uwata fa?"

Ya ɗan waiga ya ga ko ana kallonmu. "Allah Ya jiƙanta. Don Allah kada ka riƙa yi mini magana in ka hau. Kana ɓata mini yini." Ya ajiye sauran inabin a gefen tafki ya ce, "Ci wannan." Ya tafi yana ƙwala wa abokansa kira.

Da a ce zagina ya yi, ko ya yi ƙarya, da na sami abin riƙewa. Na koma ƙasa ba na ci ba na magana. Iya Lantana ce ta riƙa tura mini tuwonta tana cewa, "Ci, ɗana. Kada ka mutu ka ba su igiya kyauta su nemo wani."

Ba a daɗe ba ciwon ƙirji ya kama ta. Muka riƙa ja mata rabonta don kada a dake ta. Ranar da za ta cika ta kamo hannuna ta ce, "In ka ga Bagudu, kada ka ce masa na sha wuya. Ka ce na yafe. Ka ce ya riƙa rufe ƙirjinsa in ana sanyi, tun yana goye yake da tari." Ta saki hannuna.

Hawa na gaba da aka yi da mu ya faɗo ranar kasuwa. Ga jama'a maƙil, ga Bagudu a kan dakali yana kaɗa gurmi ana rawa, na gane shi da wushiryarsa da tabon gira. Ga kuma Jatau a gaba-gaba yana tafi. Na ajiye kwandon laka, na ratsa taron, na tsinke igiyar ƙwaryar fuskata na jefar. Mutane suka ja baya, don sun manta kamannin fuskar da ba ta dariya.

Na ɗaga murya na ce, "Bagudu ɗan Lantana! Mahaifiyarka ta rasu da igiya a hannunta. Ta ce in gaya maka ta yafe. Ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka in ana sanyi, don tun kana goye kake da tari."

Gurmin ya yi shiru. Bagudu ya yi ƙoƙarin riƙe murmushinsa, sai kawai ya kurma ihu, "Wayyo Inna!" Ya faɗi yana birgima. Wata mata a gefe ta dafe kai ta kira sunan mijinta. Wani tsoho ya kira sunan 'yarsa. Kafin ka ce kwabo kuka ya kama kasuwar kamar wuta a busasshiyar ciyawa, kowa na kiran wanda ya bari a ƙofar hagu. Dakaru suka rasa wa za su kama, wasunsu ma sun yar da mashinsu suna share ido. Abokan aikina suka jefar da ƙoren fuskarsu suka nufi ƙofar gari da gudu.

Ni kuwa na tsaya ina neman fuska ɗaya. Ko a lokacin, Allah Ya sani, da na ga ɗigon hawaye ɗaya a idonsa da na kama hannunsa mun gudu tare. Na hango shi a tsaye a tsakiyar masu kuka, idonsa a bushe, murmushinsa bai motsa ba. Muka haɗa ido. Sai ya ɗaga hannun nan mai tabon haƙorin kada, ya nuna ni, ya ce da shugaban dakaru, "Ga shi can! Shi ne ya kawo fitinar!"

Kibiya ta same ni a kafaɗa. Ƙofar gari ta yi mini nisa, amma na san magudanan birnin kamar tafin hannuna. Na faɗa cikin babbar kwatar da ke fitar da ruwan wanki ta ƙarƙashin ganuwa, ruwa ya ja ni cikin duhu ya tofar da ni a bayan gari. Mu kaɗan ne muka tsira. Muka ratsa hamada, wasu suka faɗi a hanya, sauran muka kai gindin duwatsu.

Ban koma Kurmin Rana ba. Na gina ɗaki a bakin rijiyar ƙarshe da matafiya ke sha kafin su shiga hamada. Na auri ɗaya daga cikin waɗanda muka tsere tare, muka haifi 'ya'ya, wasu suka rayu, ɗaya muka binne. Wata rana mu yi dariya har ciki ya ƙulle, wata rana mu kwana ba mai yi wa wani magana. Fatake sun ba ni labari cewa birnin ya lafa, an gangara da Bagudu da masu kuka ƙasa, an kuma saka wa Jatau da sarautar Sarkin Ƙofa. Shi ne yanzu ke tambayar baƙi wa ya kawo wani. An ce kowa ya ci amana, amana za ta ci shi. Ni dai har furfura ta cika mini kai ban ji ta ci Jatau ba.

Duk matafiya biyu da suka tsaya shan ruwa suna tambayar hanyar birnin, nakan zaunar da su in ba su labarin nan. Kaɗan ne ke juyawa.

A bara wani mutum da matarsa suka sauka a wurina. Shi dogo ne mai yawan shiru, ita kuwa mai fara'a, tana ta ɗawainiya da shi. Na ba su labarin ina kallon mijin da zargi, na ƙare da ce wa matar, "'Yata, ki yi tunani." Ta yi dariya ta ce, "Haba Baba, ai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba." Mijin ya ce, "Mu tare za mu shiga, ko mu dawo tare." Suka cika salkunansu suka kama hanya.

Sun ɗan yi nisa sai na ga matar ta dawo ita kaɗai da sauri, wai ta manta mayafinta. Ta ɗauka, ta tsaya tana murza bakinsa, ta rage murya ta ce, "Baba, shi wanda ya shiga ɗin, ɗan'uwan naka. Tsakaninka da Allah, yana jin daɗi?"

Na dube ta, na dubi mijin can a tsaye cikin rana, ya ɗauki kayansa da nata yana jiranta. Ta haɗa ni da Allah, ba halin in yi ƙarya.

Na ce, "Har yau dariya yake."

Ta ce, "Na gode, Baba." Ta juya.

Na miƙe na ƙwala wa mijin kira, na ce, "Kai bawan Allah! Ita ce! Ita ce ta kawo ka!" Ya ɗago hannu ya yi mini sallama yana murmushi, ya gyara mata mayafin a kafaɗa, suka shiga hamada.

Nan hikayar Shekarau ɗan Nomau ta tsaya. Wanda ya ji, Allah Ya ba shi abokin tafiya na gari, Ya kuma sa shi ma ya zama na gari ga wanda ya biyo shi.